Baratali da Kifin Kare

Ranar Talata ce, bayan an gama sussukar alkama. Rana na dukan dutse, iska ba ta motsa ko ganye. Muna zaune gindin ɓauren masallaci muna shan shayi, sai na faɗa wa mutane abin da gwiwoyina suka daɗe suna faɗa mini: in sabuwar shekararmu ta kama bayan hunturu, su nemi wani mirab, ni na gaji.

Mirab shi ke raba ruwan magudana tsakanin gonaki. Yana riƙe da kwanon tagulla mai huji a gindi. Ya ɗora shi kan ruwa cikin tukunya, in ya cika ya nutse, rabon wani ya ƙare, na wani ya fara. Aikin ke nan, sai sammako da shan zagi. Amma mai kwanon nan shi ake fara miƙa wa shayi duk gidan da ya shiga, kuma da rani ko mai gari ba ya ɗaga masa murya.

Kowa ya san Sabzali ne zai karɓa. Mutum ne da ba ya magana sai ta zama dole, gonarsa ce kuma ta ƙarshe a magudana, ya san ƙishirwa. Kafin wani ya ambaci sunansa, Baratali ya ajiye kofinsa ya yi gyaran murya.

Baratali ɗan wani abokina ne da ya rasu. Tun yana goye aka tafi da shi birnin Dezful da ke bakin babban kogi, can ya girma yana ɗaukar ƙanƙara a kasuwar kifi. Bara ya dawo cin gadon gona, da gashin baki mai kauri, da murya mai kauri, da matarsa Gulnisa mai haƙuri.

Ya ce, "Baffa Nurmurad, kwanon nan ni ya dace da shi."

Na ce, "Da wane dalili?"

"Na san ruwa. A bakin kogi na tashi. Abin da kuke kira ruwa a nan, a Dezful jaki ɗaya ya tsaya ya yi fitsari ya fi shi."

Bibi Hawar, tsohuwar da ke gasa wa rabin gari gurasa, tana wucewa da tire a ka. Ba ta ko tsaya ba ta ce, "Masanin ruwa. Wanda ya yi ta shayar da albasata yana zaton gonar ubansa ce."

"Sadaka na yi miki, Bibi."

"Allah ya ƙara maka rashin sani, in samu ta baɗi."

Bai kula ta ba. Ya zaro wata kwalba daga aljihun riga ya dire ta tsakiyarmu. A gindin kwalbar wani ɗan kifi ne kwance, tsawon yatsa, kaurin yatsa, ruwan ƙasa da dabbare-dabbare baƙi kamar an ɗiga masa shayi. Cikinsa a shafe, bakinsa na kallon ƙasa, idanu ƙanana a saman kai, da 'yan gashi kewaye da baki.

Na ce, "Kifin kare ne."

Ya juya ya dubi jama'a. "Kun ji ko? Shekara da shekaru kuna taka arziki da ƙafa kuna ce masa kare. Wannan ɗan shirbot ne. Ku dubi gashin bakinsa."

Shirbot shi ne babban kifin kogi, wanda guda ɗaya ke cika faranti har wutsiya ta leƙo.

Na ce, "Shirbot gashinsa huɗu. Wannan shida."

"In ya girma biyu za su zube. Kai haƙoran yarintarka suna nan?"

"Ba shi da ɓawo."

"Ana haihuwar jariri da riga?"

"Tun ina yaro nake ganinsa ƙarƙashin duwatsu. Bai taɓa wuce yatsa ba."

"Yunwa ce, Baffa. Ku ma da kuka tashi da gurasar sha'ir, dubi tsayinku."

Aka yi dariya, shi kuma ya ɗauka tasa ce ta yi kyau. Nan take ya miƙe ya ɗaga kwalbar sama ya yi alkawari. Rana ta goma sha uku ga sabuwar shekara, ranar da gari duka ke fita cin abinci a bakin rafi, ranar da ake miƙa kwano, shi zai ciyar da kowa da shirbot daga tafkinsa. Kada wanda ya yanka ko kaza. Mata su zo da shinkafa kawai. In ya cika, kwano nasa ne.

Malam Yadullah, limaminmu, ya leƙo ta saman tabarau. "Ka dai sani, a mazhabarmu kifin da za a ci sai mai ɓawo, sai kuma an fitar da shi daga ruwa da ransa."

"Malam, ɓawo kamar farcen babban yatsa. Rai kuwa, sai an danne shi da gwiwa."

Aka dubi Sabzali. Ya ɗaga kafaɗa. Aka amince, don hunturu a wajenmu dogo ne, kuma mutane na bukatar abin kallo.

Washegari ya sauka rafi da ƙugiya. Kifin kare ba ruwansa da ƙugiya. Yana zaune ne a inda ruwa bai kai ƙauri ba, mai sanyi, mai gudu, garau a kan tsakuwa. Yini yake kwance ƙarƙashin dutse. Ka ɗaga dutsen, ya yi fit ya shige na gaba. Baratali ya zauna har azahar bai kama komai ba sai zafin rana a ƙeya. Ya koma gida ya ɗauko rariyar Gulnisa.

Ya shiga ruwa yana ɗaga duwatsu da hannu ɗaya, yana kai rariya da ɗaya. Ya ɗaga nan, kifi ya koma can. Ya bi can, kifi ya dawo ta tsakanin ƙafafunsa. Ƙasa da shi kaɗan mata na wankin ulun saƙa, farin ulu da aka yi wata ana kaɗi. Taɓon da ya tayar ya gangaro ya rina shi launin jaki.

Wata ta ɗago ta ce, "Kai mijin Gulnisa, me ka ɓatar a ruwan?"

"Aiki nake na gari."

"To garin ya gode. Fito ka wanke ulun nan."

Ya juyo zai ba ta amsa, ƙafarsa ta hau gansakuka, ya zauna daram cikin ruwa, rariya ta kife masa a ka. Da ya cusa hannu ƙarƙashin dutse don ya tashi, ƙaguwa ta kama masa babban yatsa. Da yamma ya zo gindin ɓaure da yatsa a naɗe da tsumma, yana nuna wa kowa.

"Uwarsu ce. Ta ga ina kwashe 'ya'ya. Kanta kamar na ɗan maraƙi."

Na ce, "A ruwan da bai kai ƙauri ba."

"A kwance take, Baffa."

Da naci dai ya tara abin da ya kai cikin tulu. Sai haƙa tafki. Bai haƙa a gonarsa ba, ya ce ƙasar noma ce. Ya haƙa a tudun bayan gidansa, daidai saman gidan Bibi Hawar, ya tare gefen gangara da bangon laka da duwatsu, ya toshe mafita da gungumen itace. Ya cika shi da ruwan tulu ya zuba kifi. Ruwa ya tsaya, rana ta dafa shi. Kwana biyu kifi suka fara juyowa ciki sama.

Ya same ni a gona. "Baffa, wani ya yi wa kifina baki."

"Ruwa mai gudu suke so."

"Abin da nake shirin faɗa ke nan."

Bai tambaye ni ba, ya je ya fasa magudana ya karkato ta tafkinsa. Ranar rabon Sabzali ce. Ina zaune a bakin gonarsa, kwano ya nutse, ya sake nutsewa, ba ɗigon ruwa. Muka bi magudana sama, muka tarar da Baratali tsaye da shebur a kafaɗa kamar soja.

Na ce, "Ruwan wa ke nan?"

"Aro na yi. Yana shiga ta nan, ya gaisa da kifi, ya fita ta can. Ba abin da ya ragu."

Sabzali ya dubi can ɗin. Ruwan na fita, gaskiya ne, amma ta ƙarƙashin bango, yana gangarawa gidan Bibi Hawar. Muna tsaye muka ji wani irin huci kamar an tsoma garwashi a randa, sai farin tururi ya turnuƙe sama. Tanderunta ne. Ta fito da sandar tonon wuta, fuska duk toka, zani a jiƙe.

"Ina ɗan Dezful?"

"Bibi, ki kwantar da hankalinki. Ruwa albarka ne."

"Zo kusa in sa maka albarkar a ƙeya."

Ta bi shi suka zagaya tafkin. Tsohuwa ce amma ta saba bin awaki. Ta same shi sau ɗaya a kafaɗa, sau ɗaya a inda yake zama. Mako guda gari na cin gurasar kasko. Na toshe inda ya fasa, na bar masa 'yar ƙofa kamar ta ɓera, a cire daga rabon gonarsa. Ya yarda. Ya ce alkama abincin talaka ce. Har itatuwan rumman na gonarsa suka bushe a tsaye, Gulnisa na kallo ta taga.

Da ruwa ya fara gudu, sauran kifin suka farfaɗo. Sai batun ƙiba. Ya fara da tsakin sha'ir. Ba su girma ba. Ya koma kindirmo, wai shi ke sa yaran makiyaya kumatu. Tafki ya zama fari kamar an wanke ƙwarya. Daga nan ya yanka kitsen wutsiyar tunkiya ya watsa. Kitse ya taso ya yi sama-sama, karnukan gari suka gano wurin, suka mai da shi majalisa. Wari kuwa, in iska ta juyo, har sahun gaba a masallaci.

Malam ya tare shi bayan sallar la'asar. "Baratali, kifin nan kiwonsu kake ko jana'izarsu?"

"Ƙamshin girma ne, Malam. Haka kasuwar Dezful take."

"Shi ya sa ban zauna Dezful ba."

Wata rana ya leƙa bai ga kifi ko ɗaya ba. Ya zo da gudu yana cewa an yi masa sata, har yana kallon Sabzali ta gefen ido. Na je na duba. Duwatsun da suka zubo daga bango sun taru a inda ruwa ke shigowa, kifin duk sun shige ƙarƙashi, kamar yadda suka saba tun kakanninsu.

Na ce, "Suna ƙarƙashin dutse."

Ya shafa gashin baki. "Na sani. Babban kifi ba ya yawo a sama. Ka taɓa ganin attajiri na zaga kasuwa?"

Daga ranar, tunda ba mai ganinsu, sai suka fara girma a bakinsa. Farkon sanyi sun kai taƙi. Da dusar ƙanƙara ta fara sauka sun kai kamu. Ya ce ɗaya ya ja masa shebur ya kusa jefa shi ruwa. Ya ce in ya kwanta yana jin suna gurnani. Ya fara tsayar da mutane a hanya yana tambayar bakin gida nawa ne, don ya san wanda zai ba kai da wanda zai ba wutsiya. Ya kuma fara zaga gonaki da hannu a baya yana cewa in ya karɓi kwano zai juya magudana ta hau tudu.

Sabzali ya ce, "Ruwa ba ya hawa tudu."

"Ruwan ƙauye ke nan."

Tsakiyar hunturu tafkin ya daskare. Baratali ya ce kifinsa za su yi mura. Ya shiga ɗaki ya naɗo dardumar da Gulnisa ta saƙa da hannunta kafin aurensu, ya shimfiɗa a kan ƙanƙarar ya danne da duwatsu. Da rana ta ɗan fito ƙanƙara ta saki, darduma ta nutse da duwatsunta cikin ruwan kindirmo da kitse. Ranar ce kaɗai na ji muryar Gulnisa daga gidana.

"Mu muna kwana a kan tabarma, kifi na rufa da darduma."

"Matar mirab ba ta ƙorafi a kan darduma."

"In na ga matar mirab zan gaya mata."

Sanyi ya wuce, dutse ya fara kore, aka yi sharar gidaje, sabuwar shekara ta shigo. Saura kwana kaɗan a fita, na hango shi da hantsi tsugune bakin tafki, ya naɗe hannun riga ya ɗaga wani dutse. Ya daɗe yana kallon abin da ke tafin hannunsa. Sai ya mayar, ya waiga hagu da dama, ya shige gida. Washegari ya hau motar Dezful, wai zai gai da dangi. Ya dawo da buhu a kafaɗa, ya bi ta bayan gari, ya saka shi a ɗakin ƙasa inda suke ajiye ƙanƙarar dutse. Na gani. Ban tambaya ba, ba buhuna ba ne.

Ranar fita ta zo da rana mai daɗi. Gari duka ya watsu a filin da ke ƙarƙashin tudun Baratali, don ya ce a zauna kusa a ci da zafi. Aka shimfiɗa dardumai, aka kafa tukwanen shayi, mata suka jera tukwanen shinkafa da ganye. Baratali ya sa aka haƙa doguwar wutar gashi, tsawon kabari, garwashi na ja. Ya fito da sabuwar riga da hula baƙa, ya riga ya rataya wata jakar fata a wuya wadda ya ɗinka don kwano.

"Baffa, ka zo da shi?"

"Yana nan."

"To ka yi masa sallama."

Maza muka hau tudu muka kewaye tafkin, mata da yara na hange daga ƙasa. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga har ƙugu. Ya yi ta lalube yana cewa a yi shiru kada a firgita su. Can ya nutsa hannu biyu daidai wani turke da ban san da shi ba, ya fara kokawa. Ya yi gaba, ya yi baya, ya faɗi, ya tashi, ruwa na fantsama. Sai ya ɗago da kifi rungume a ƙirji, shirbot na gaske, tsawon hannu, ɓawo na ƙyalli a rana.

Jama'a suka zaro ido. Har Sabzali ya buɗe baki. Baratali ya fito yana haki ya zagaya da shi.

"Wannan ƙaraminsu ne. Manyan sun ƙi fitowa, sai an yi musu dabara. Baffa, ƙirga gashin."

Na ƙirga. Huɗu.

"Biyu sun zube ko ba su zube ba?"

Malam Yadullah ya matso ya gyara tabarau. Ya kankara da farce, ɓawo ya fita. Ya gyaɗa kai. Sai ya dubi idon kifin, wanda ya yi fari kamar na tsohon makaho.

"Da ransa ka fitar da shi?"

"Ba ka ga kokawar da muka yi ba?"

"Na ga taka. Tasa nake tambaya."

"Gajiya ya yi, Malam. Na fi ƙarfinsa."

"To ya ɗan motsa mu shaida. In a ruwa ya mutu, ba mai cinsa."

Baratali ya riƙe kifin ta wuya ya girgiza hannu a ɓoye. Wutsiya ta yi lilo.

"Ka gani."

"Hannunka na gani."

Ya ƙara girgizawa da ƙarfi, yana cewa kifin ya natsu, kada ya kuɓuce. Ya girgiza na uku, sai muka ji ɗan ƙara kamar ɗinkin wando ya ɓalle. Cikin kifin ya buɗe. Tafarnuwa ta zubo a ƙafar Malam, sai soyayyar albasa, sai curin tsamiya da ganye, sai wani dogon jan zare ya biyo baya yana reto.

Malam ya sunkuya ya ɗauki tafarnuwa guda ya shinshina. "Ikon Allah. Na karanta littattafai, ban taɓa cin karo da kifin da ke zuwa da kayan miyarsa ba."

Bibi Hawar, wadda ta hawo tudu ba wanda ya gayyace ta, ta kama zaren ta duba. "Wannan ɗinkin Gulnisa ne. Duk garin nan ba mai yin sa ƙanana haka."

Aka juya ana neman Gulnisa. Tana tsaye bayan mata da ludayi a hannu.

Ta ce, "Ni na ga kifi a buhu a ɗakin ƙasa, na ce yau dai mutumin nan ya kawo abin ci gida. Na gyara shi jiya, na cusa masa kaya, na ɗinke, na mayar inda na gan shi. Wa ya san wanka za a kai shi?"

Dariya ta fara daga ƙasa wajen mata ta hawo tudu. Wani tsoho ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Baratali ya tsaya da kifi a hannu, ya dube shi, ya dubi matarsa.

"Wannan na gwaji ne. Na saka shi ne don nawa su ga yadda ake girma. Nawa suna ƙasa."

Bibi ta ce, "To fito da su. Wuta na cinyewa."

"Sai an rage ruwa."

Na ce, "Kada ka taɓa gungumen nan."

"Baffa, yau rana ta ƙarshe ce da za ka ba da umarni a kan ruwa. Ka huta."

Ya ajiye kifin, ya sauka bayan bango, ya rungumi gungumen ya ja. Bai motsa ba. Ya sa ƙafa a bango ya ja da ƙarfinsa duka. Gungume ya fito, bangon da ya sha ƙanƙarar hunturu ya biyo shi gaba ɗaya. Tafki ya tashi ya gangara. Ya fara ɗaukar mai shi, ya wuce ta gefen gidan Bibi Hawar ya gai da sabon tanderunta, ya faɗa fili. Wutar gashi ta yi huci ta mutu. Tukwanen shayi suka kife. Dardumai suka tashi da takalma a kai. Mata suka kwashi yara da tukwanen da hannu ya kai, sauran suka cika da taɓo da tsohon kitse. Baratali ya tsaya ne a gindin wata bishiyar rumman, zaune, hula ta tafi, jakar fata cike da laka.

Da ruwa ya janye, ga su nan a kan ciyawa da cikin faranti suna wutsil-wutsil. Kifin kare, ruwan ƙasa da dabbare-dabbare, gashi shida-shida. Na ɗauki wanda ya fi girma na ɗora a yatsana. Yatsan ya ɗan fi shi.

Baratali ya taso yana ɗingishi. "A soya su haka. A Dezful ƙanana sun fi tsada."

Malam, rawani a jiƙe, ya karɓi kifin ya kai shi dab da tabarau. Ya shafa daga wutsiya zuwa kai, ya shafa daga kai zuwa wutsiya, ya juya shi rana. "Sumul kamar sabulu. Ni ban ga ɓawo ba. Ku mai da bayin Allah inda aka ɗauko su."

Yara suka bi fili da kofuna suna tsince su suna kaiwa rafi. Kowanne ya taɓa ruwa sai ya yi fit ya shige ƙarƙashin dutse. Shirbot ɗin kuwa, kafin a tuna da shi, karnuka sun raba.

Ba wanda ya kwana da yunwa. Ashe kowane gida ya zo da kaza ko cinyar akuya a ɓoye ƙarƙashin mayafi, an aje can nesa da tudu. Har Gulnisa ta fito da dafaffen ƙwai daga aljihu. Baratali ya ga ana ta fito da nama, ya ce, "Wato ba wanda ya yarda da ni."

Bibi ta ce, "Mun yarda da kai ƙwarai. Shi ya sa muka zo da kaji."

Bayan an ci, na ciro kwano daga cikin riga na miƙa wa Sabzali. Ya karɓa da hannu biyu. Aka ce ya yi magana. Ya yi tunani, ya ce wanda ya fasa magudana shi zai gyara, wanda ya kashe tanderu shi zai gina, kuma sai an gama za a sake wa gonar Baratali ruwa. Ya zauna. Baratali ya ce dama shi bai so aikin ba, sammako na sa masa ciwon kai.

Washegari da safe na fita duba itatuwana na rumman. A ƙasan fili, inda ruwan jiya ya haɗu da wani tsohon kududdufi, na tarar da shi tsugune da rariyar Gulnisa, shebur na kwance gefe ba a taɓa shi ba. Yana kwasar wasu baƙaƙen abubuwa masu ƙaton kai da siririyar wutsiya yana zubawa a tulu. Uwarsu, wata ƙatuwar kwaɗuwa, na zaune kan dutse tana kumbura maƙogwaro tana kallonsa.

Ya ɗago rariyar ya nuna mini. "Baffa, waɗancan na jiya irinsu ne ba kyau. Dubi waɗannan. Tun yanzu ka ga kai."

Na duba. Wasu har sun fara fitar da ƙafafun baya. Na ce Allah ya raya, na wuce gona.